Jan lalle, kon ko dayis: wanne ya cancanci hannun ɗaliba da kuɗinta?

Da an ce Sallah saura kwana uku, ko an tsayar da ranar dinar 'yan ajin ƙarshe, ɗakin mai lalle a hostel ya fi ɗakin karatu cika. Kaya iri uku ne za ki tarar a kan farantinta: kwaɓaɓɓen garin lalle a roba, kon ɗin nan na kanti mai ɗan tsini wanda jama'a suka fi kira rani, da ƙaramar kwalbar baƙin dayis na zanen fulawa. Duka ukun lalle ake ce musu, amma ɗaya ne kawai a ciki za a iya rantsewa lalle ne. Na biyun sai an bincika. Na ukun kuwa ko ganye ɗaya babu a cikinsa.

Bari a fara da na gari, tunda da shi ake auna sauran.

Abin da ke sa ganyen lalle rini wani sinadari ne mai suna lawson. Ba zama yake yi a kan fata kamar fenti ba, shiga yake cikin matacciyar fatar sama ya kama ta. Shi ya sa tafin hannu da tafin ƙafa, inda fatar ta fi kauri, suke yin ja har ya nemi komawa baƙi, bayan hannu ya tsaya a ruwan goro, damtse kuma ya fi kowa kasala. Wannan ba laifin mai lalle ba ne, haka jiki yake. Yana ɗaukar mako ɗaya zuwa uku kafin ya kau, gwargwadon yawan wanki da wanke-wanken da hannun ke yi. A farce kam ba ya kauwa, sai dai farcen ya tsiro a yanke, abin da kan ci wata huɗu zuwa shida.

Gari mai kyau ana gane shi tun a wurin mai sayarwa, ko a Kasuwar Rimi ne ko a Kurmi ko a ɗan shagon bakin makaranta. Launinsa kore ne mai duhu-duhu irin na busasshiyar kuka, ƙamshinsa kamar na sabuwar harawa. Wanda ya koma ruwan ƙasa kuma ba ya ƙamshi ya kwana biyu, ƙarfinsa ya tafi. Wanda korensa ke ɗaukar ido kamar an yi masa fenti, to wataƙila an yi masan, don akwai masu zuba kala su rufe tsufan gari. Ki ɗebi kaɗan ki jiƙa, ki murza shi da bayan cokali a kan faranti. In kika ji ƙaras-ƙaras, akwai yashi. Na gida da ake dakawa yana da ƙarfi in sabo ne, matsalarsa tsaki da ɗan itace. Na fakiti da ake kawowa daga Indiya, musamman na garin Sojat a jihar Rajasthan wanda ya yi suna da noman lalle, ya fi laushi kuma yana da yauƙi, don haka ya fi daɗin zane. In ƙunshi za a yi da salatif, na gida ya wadatar. In zanen tsini ne, ko dai ki sayi mai laushin, ko ki tankaɗe na gidan sau uku da tsohon gyale mai shara-shara, domin rariyar kicin ba ta tare abin da ke toshe bakin kon.

Kwaɓin da zai ishi zanen hannu biyu, gaba da baya, har ya yi saura: gari giram 25, wato kusan babban cokali huɗu, sukari ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu, man mahallabiya ƙaramin cokali ɗaya, sai ruwa ko ruwan lemun tsami da za a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. A fara kwaɓa shi da tauri kamar tuwo mai laushi, a rufe da leda ta kwanta a kan fuskarsa don kada iska ta busar da shi, a ajiye. Sai ya tsumu sannan a sassauta shi har ya riƙa zubowa daga cokali a hankali ba tare da ya tsinke ba. Ƙunshin ƙafa biyu kuwa sai a tanadi giram 100 ko fiye, kuma a bar shi da ɗan tauri.

Tsumawar nan ita ce inda yawancin masu gaggawa ke faɗuwa. Lawson ba ya fita daga ganye nan take. A zafin Afrilu, kwaɓin ruwa zalla kan tsumu cikin awa biyu zuwa huɗu. Na lemun tsami ya fi jinkiri amma ya fi daɗewa da ƙarfinsa, kuma a sanyin hunturu yakan so kwana. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki ɗiga kaɗan a tafin hannu, ki bar shi minti biyar, ki goge. In ya bar tabo mai launin lemu mai haske, ya yi. In bai bar komai ba, a ƙara masa lokaci. Masu zuba tafasasshen ruwa don su gaggauta suna samun kala da wuri, amma kalar ba ta nuna sosai kuma ba ta jimawa. Haka nan kwaɓin da ya wuce kwana biyu a ɗaki mai zafi ya mutu, ko da kamanninsa bai canja ba. In ya yi saura, firiza ce kaɗai ke riƙe shi, can yakan yi watanni. Ki riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Sukarin ba ado ba ne. Shi ke sa lallen ya manne ya daɗe da danshi, kuma lalle da danshi yake rini, da ya bushe ƙarau aiki ya tsaya. Lokacin hunturu a ƙara sukari, in ba haka ba zanen ya tsattsage ya zube kafin awa guda. Da damina a rage, don sukari na jan raɓa, sai layukan su narke su haɗe da juna. Man da aka saba sawa shi ne mahallabiya, kuma yana taimaka wa kala ta yi duhu, sai dai kwalaben da ke yawo a kasuwa ba duka ke faɗin abin da ke cikinsu ba. Wadda ta buɗe ta ji warin fetur ko tina, ta mayar da murfin. Akwai masu zuba kananzir ko fetur ɗin da gangan wai don lalle ya kama. Yana ƙona fata, kuma babu abin da yake yi wanda haƙurin awa shida ba zai yi ba.

Ƙunshin salatif sana'a ce mai zaman kanta, kuma a nan ake gane gwana. Za ki ga ta manna baƙin salatif a kan tayil ko gilashi, ta bi shi da reza tana fitar da 'yan siraran layuka da ƙananan dala-dala, ta ɗaga kowanne da bakin rezar ta jera a gefen ƙafa kamar mai saƙa. Kafin ta manna, ƙafar ta kasance wankakkiya, busasshiya, babu ko ɗigon mai. Sai ta danne bakin kowane yanka da farce, ta lafta lalle da kauri, a naɗe da leda, a sa safa. Da can zunguru ake zura hannu a ciki, yanzu leda ta gaje shi, sai dai leda na da illar da zunguru ba shi da ita: gumi. In ɗakin ya yi zafi, gumin ya tsinka lallen ya bi ƙarƙashin salatif, da safe a kwance a ga zanen ya cakuɗe. Maganinsa a shimfiɗa tishu tsakanin lalle da leda, kada kuma a ɗaure tamau. Awa huɗu shi ne mafi ƙaranci, shida zuwa takwas ya fi. In an tashi cirewa a kankare da bayan cokali, a shafa man zaitun ko man kaɗanya, a nisanci ruwa da sabulu iya yadda za a iya a yinin farko. Alwala dole ce, a yi ta ba tare da dirza ba.

Kada ranki ya ɓaci in kin kwance kin ga launin lemu fayau. Haka yake farawa. Iska ce ke nunar da shi, cikin kwana biyu ya kai inda zai kai. Don haka mai son hannunta ya yi kyau ranar Idi, ba daren jajiberi za ta zauna ba, kwana biyu kafin nan ne. Ga shi kuma a lokacin layi bai kai na jajiberi tsawo ba, mai lallen ba ta gaji ba, farashi bai tashi ba.

Aibin jan lalle ke nan a taƙaice: cin lokaci. Ɗalibar da ke da lakca ƙarfe takwas da gwaji ƙarfe biyu ba ta da awa shida na zama da hannu a sama. Kuma a fata mai duhu sosai, zanen bayan hannu ba ya fitowa a hoto yadda ake so. Waɗannan ƙofofi biyu su ne kon da dayis suka shigo ta ciki.

Kon na kanti yana da abin yabo. Ba kwaɓi, ba tankaɗe, a yanke baki a fara zane. Layinsa siriri ne, yana bushewa da wuri, cikin rabin awa an wanke an ga ja jawur. Guda ɗaya ya ishi mutum biyu in ba zane mai cika ba ne, kuma ko 'yar koyo za ta iya riƙe shi. To amma ki tuna abin da aka ce game da kwaɓi: lalle na gaskiya kwana biyu yake a zafi ya mutu. Kon ɗin da ya hau jirgin ruwa daga Indiya ko Pakistan, ya kwana a sito, ya yi watanni a kan kanta cikin zafin Kano ko Maraɗi, kuma har yanzu yana ba da ja cikin minti goma sha biyar, wani abu ne ke yin aikin, ba ganye ba. Yawanci rinin masana'anta ne da magungunan hana lalacewa, kuma sau da yawa fakitin ba ya lissafa su.

Ana iya gane halinsa da ido. Kalarsa ba ta ƙara duhu washegari, yadda ta fito haka za ta fara raguwa. Ba ta kauwa a hankali kamar ta lalle, sai dai ta riƙa zubewa tsilla-tsilla, bayan kwana huɗu ko biyar hannu ya zama kamar an yi ɓarin miya. Wasu nau'ukan ma wata 'yar fata-fata suke yi a sama wadda ake ɓarewa. Wannan na da muhimmanci ga mai sallah: malamai sun bambance tsakanin rinin da ya shiga fata, wanda ba ya hana ruwa, da abin da ya yi rufi a kanta, wanda sai an cire kafin alwala ta inganta. Abin da ake tallatawa da sunan farin lalle ma a nan ya faɗo, domin gam ne da fenti, babu lalle a ciki.

Kon ɗin da za a amince da shi shi ne wanda mai lalle ta kwaɓa da hannunta ta ɗura a leda, ta ciro miki daga firiza. Za ki ji ƙamshin ganye, kwaɓin kore-kore ne ko ruwan ƙasa, kuma za ta ce miki ki bar shi awa huɗu. Na kanti kuwa, in dole ta sa, a duba ranar ƙarewar wa'adi, a shinshina, a tsaya a tafin hannu inda fata ke da kauri. Da an ji zafi ko raɗaɗi a wanke nan take. Lalle sanyi yake sa wa, ba ya yaji.

Sai dayis. Gaskiya ɗaya ce, babu abin da ya kai shi fitowa a hoto. Baƙi wuluk, layi tsaf, a kan kowace irin fata, cikin minti ashirin zuwa talatin. Shi ya sa amare ke son sa, shi ya sa shafukan masu lalle a Instagram da TikTok suka cika da shi. Amma abin da ke cikin kwalbar rinin gashi ne, wanda akan haɗa da ruwan haidirojin, kuma sinadarin da ke ba shi baƙin shi ne wanda likitoci ke taƙaitawa da PPD. An yi shi don gashi, ba don a zana a fata a bar shi ba. A Tarayyar Turai, ko a rinin gashin ma ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba bayan an gauraya, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a shafa shi kai tsaye a fata ba. Mai zanen fulawa ba ta da ma'auni, da ido take kwaɓawa, kuma gwargwadon ƙarfinsa gwargwadon baƙinsa.

Muguntar PPD ita ce ba ya nuna hali da wuri. Mace na iya yin sa sau biyar, sau goma, lafiya lau, alhali jikinta na ta haddace shi. Ranar da jikin ya ƙi, abin kan fito bayan kwana huɗu zuwa mako biyu ga wadda ya fara kamawa, ko cikin kwana ɗaya zuwa uku ga wadda ya taɓa kamawa. Ƙaiƙayi ne farko, sai zanen ya kumbura ya taso, kowane ganye da kowace fulawa a inda aka zana ta, sannan ƙuraje masu ruwa. In ya warke yakan bar hoton zanen, baƙi ko fari-fari, na tsawon watanni, kuma a fatarmu tabon ya fi daɗewa. Abin bai tsaya nan ba. Wadda jikinta ya ƙi PPD ta rabu da shi har abada, ranar da ta tashi rina furfura fuska da kai na iya kumbura, kuma wasu kan fara ƙin rinin wasu baƙaƙen tufafi da baƙar roba.

Shi ya sa gwajin da ake yi a wurin, a ɗiga a wuyan hannu a jira minti goma, ba ya faɗin komai. Abin da ke zuwa bayan mako ba ya bayyana a minti goma, kuma ɗigon gwajin shi kansa ƙarin darasi ne ga jiki. Kalmar "ai kowa shi yake yi" ma ba hujja ba ce, waɗanda ya ƙona ba sa saka hoton.

Wadda ya riga ya kama, kada ta fasa ƙurajen, kada ta shafa man goge baki ko gishiri ko toka. Ta wanke da ruwa mai sanyi ta tafi asibitin makaranta, ta faɗa wa likita ainihin abin da aka zana mata, don yawanci man shafawa na rage kumburi ake rubutawa kuma da wuri ya fi aiki. Kumburin fuska ko leɓe ko wahalar numfashi ba na jiran safiya ba ne. Tabon kuma kada a bi shi da man bilicin, ƙara ɓata wurin yake. Garin dayis ɗin kansa guba ne in aka haɗiye, yana kumbura harshe da maƙogwaro ya taɓa ƙoda, kuma asibitocin Sudan, inda aka daɗe ana haɗa shi da lalle, sun san wannan sarai. A gidan da ke da yara, kwalbar nan ba ta zama a kan madubi.

Ko jan lallen ma akwai inda ba a kai shi: jikin jarirai. Yaran da aka haifa da ƙarancin sinadarin jinin nan da ake kira G6PD, wanda ba baƙo ba ne a yankinmu, lalle na iya farfasa musu jini. A bar shi ga mai jego.

Mai neman baƙi ba tare da dayis ba tana da hanya biyu. Ta farko maimaita jan lalle dare biyu a jere a tafin hannu da ƙafa, wanda ke kai shi ga duhun da ya kusa baƙi. Ta biyu jagwa, ruwan wani ɗan itace na Kudancin Amurka da ke ba da shuɗi mai duhu, sai dai yana da tsada, ba kowace mai lalle ke da shi ba, kuma shi ma akan samu wanda jikinsa bai karɓa.

Akwai wata magana da ta shafi ɗalibai fiye da kowa, wato yatsu. Hukumar JAMB ta sha gargaɗin masu rajista da masu zana jarrabawa da su guji lalle a yatsu, domin na'urar ɗaukar hoton yatsa kan kasa karanta zanen, kuma wanda na'ura ba ta tantance ba ba ya shiga ɗakin jarrabawa. Ta kuma ja kunne game da masu ƙoƙarin goge shi da sinadarai, waɗanda kan ƙare da lalata zanen yatsan gaba ɗaya. Haka lamarin yake ga mai zuwa rajistar NIN, ko 'yar hidimar ƙasa da ke dangwala yatsa duk wata. In akwai irin wannan a gabanki cikin mako uku, a yi zanen a tsaya a gaɓar farko, a bar kan yatsu goma fari. Babu sabulu ko lemun tsami ko bilicin wanki da zai fitar da lalle a dare ɗaya, sai fatar ta sake da kanta.

Ita mai lallen kanta, ta hostel ta fi sauƙin kuɗi kuma za ta zo har gadonki, ta shago ta fi saurin hannu da yawan zane. Kowacce ce, a gama ciniki kafin ta ɗiga komai: hannu biyu ne ko har da ƙafa, gaba da baya ne, iya wuyan hannu ne ko har gwiwa, salatif da leda na waye. Sannan tambaya ɗaya da ke raba gardama: "Anti, awa nawa zan bar shi?" In ta ce rabin awa, kin san abin da ke hannunta. In kin ce ta nuna miki kwalbar ta ɓata fuska, wannan ma amsa ce. Gwanaye da yawa ba sa ƙin a zo musu da kwaɓi daga gida, wasu ma har rage kuɗi suke.

A lissafin aljihu, ƙullin gari ɗaya da 'yan ɗaki huɗu suka haɗa kuɗi suka saya ya fi kon arha, ya ninka shi daɗewa a hannu. Jan lalle na gari shi ne abin saye, kon ɗin kanti na ranar da aka makara ne, dayis kuwa bai ci kuɗinsa ba ko da kyauta aka bayar. Mai lakca ta kwaɓa ranar Alhamis da yamma, ta sa ranar Juma'a bayan Isha'i, ta kwana da shi, ta kankare da Asuba. Zuwa Lahadi ya nuna.